Yadda Za Ka Nemo Wutar Mota Ba Tare da Ta Ja Ka Ba

Kai ɗan'uwa direba, da kai mai marmarin zama direba, matso kusa. Ni ne Ladan, direban Alhaji Bubayero mai sayen gyaɗa a Azare. Shekarata goma sha ɗaya a kan sitiyari, kuma tun da nake wutar mota sau ɗaya tak ta taɓa ja na. Wannan ɗayan ma a Kano ne, ina koyon aiki, ban san ciwon kaina ba. Daga ranar na yi wa kaina alkawari, na kuwa cika.

Ga tabbacin da nake ba ka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ko ba jima ko ba daɗe za ka gano ko motarka tana da wuta ko babu, ba tare da ta taɓa ko ɗan yatsanka ba, girmanka a cike, kuma babu mai ɗora maka laifi ko me ya biyo baya. Ban ce motar za ta tashi da wuri ba. Sake karanta alkawarin, wannan ba ya ciki.

Ba daga littafin Turawa na kwaso su ba. Rana ɗaya na gwada su duka, cikin bazarar 1954, a wata rugar Fulani gabas da Disina, a ƙofar gidan surukina. Matata Fadimatu ta je haihuwar fari wurin iyayenta kamar yadda aka saba, naƙuda ta kwana biyu ba ta sauka ba. Ungozoma ta tura mai keke Azare cewa abin ya fi ƙarfinta, a kawo mota a kai ta asibiti. Alhaji ya ba ni a-kori-kurarsa, na isa da hantsi. Daga can zuwa Azare tafiyar awa biyu ce in yashi ya yarda. Duk abin da za ka ji na yi, ina yi ne tana cikin ɗaki tana jira.

1. Kashe mota da ka isa

Na sani, wanda ya koya maka tuƙi ya ce in kana sauri kada ka kashe inji. Wannan mutumin ba shi da surukai. Ba a barin mota tana gurnani a ƙofar suruki, kaji suna watsewa, maruƙa suna neman tsinke igiya, kai kuma kana ɗaga murya wajen gaisuwa. Kashe ta. Tuɓe takalmi tun daga nesa. Tsuguna, ka dubi ƙasa, ka tambayi gida, ka tambayi shanu, ka tambayi zafi, ka tambayi rijiya. Kada ka kuskura ka tambayi matarka. Shi ma ba zai ambace ta ba, 'yarsa ce ta fari, ko sunanta bai taɓa kamawa ba.

Surukina sunansa Hammawa. Sau ɗaya na faɗa don ka san da wa ake, Allah ya yafe mini, daga nan Baffa za ka riƙa ji. Dogon tsoho ne siriri, magana a bakinsa sai an yi da gaske. Da muka gama gaisawa ya dubi wata aduwa da ke bayana ya ce, "An ce mutanen ciki za su Azare."

Na ce wa ƙasa, "Haka na ji, Baffa."

Mata suka fara shimfiɗa tabarma da zannuwa a bayan mota. Na shiga, na murɗa makulli, na ja cok har ƙarshe. Cok shi ne maɓallin nan da ke ƙara wa inji mai da sanyin safiya, ba a taɓa shi in inji yana da zafi, ko ɗan koyo ya san haka. To ranar ni na ja shi. Na taka totur na sake takawa, na danna sitata. Ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Na yi ta danna har batir ya fara nishi. Matan suka naɗe tabarmarsu suka koma ciki.

2. Buɗe bonet, ka yi shiru

Kada ka taɓa komai tukuna. Ɗaga bonet, ka tokare shi, ka harɗe hannu a baya, ka sunkuya kana kallo. Bayan an jima ka ce "Uhm." Mutanen karkara suna girmama wannan sautin, sun san daga bakin masani yake fitowa.

Danna ham. In ya yi kuka, ko da a shaƙe, batir yana da sauran rai. Nawa ya yi, karen gidan ya amsa.

A nan za ka ji warin fetur ya cika maka hanci, har idonka ya kawo ruwa. Ma'anarsa mai ya yi wa inji yawa ya shaƙe shi, maganinsa kuwa ka ƙyale shi na ɗan lokaci ya bushe. Kada ka yarda da wannan. Hanci kowa yana da shi, har tsohuwar da ke leƙenka ta zana. Wane direba ne zai zauna a inuwa ya naɗe hannu, matarsa tana naƙuda, ya ce wa surukinsa aikin da yake yi ke nan? Abin da ake buƙata a wurinka ciwo ne babba mai suna. Miƙe ka sanar da jama'a, "Wuta ce ba ta zuwa."

Haka na ce, kuma Allah ya sani har raina na yarda.

3. San hanyar wuta

Wuta daga batir take tasowa, ƙarama, ba ta cizo. Sai ta shiga kwayil, wani ɗan gwangwani baƙi a gefen inji, a nan take yin fushi. Daga kan kwayil babbar waya guda ɗaya take ɗaukarta zuwa mai rabo, ƙoƙon nan da wayoyi suka tsiro masa a ka. Shi kuma ya raba wa fulogogi, kowa da lokacinsa. Fulogi ya ƙyasta, mai ya kama, mota ta tashi.

Kanikawa suna cewa ka zare waya ka kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, a juya inji, ka duba ko shuɗin tartsatsi zai yi tsalle. Wannan a rumfar gareji ne. A filin Allah, cikin ranar bazara, ko tartsatsin maƙera ba za ka gani ba. Saura hanya ɗaya, a riƙe bakin wayar da hannu a ji.

Wace waya za ka zare? Ƙaramin direba zai zare ta fulogi ɗaya, ya bar sauran a wurinsu, ta yadda in motar ta ga dama sai ta tashi da abin da ya rage. Kai babba ne. Zare babbar wayar, uwar duka. Muddin tana hannun mutum, ko inji lafiyarsa ƙalau babu abin da zai tashe shi. Wannan bayani na ƙarshe ka ajiye shi gefe, ni ma sai bayan azahar na tuna da shi.

4. Nemi mai riƙe waya

Aikin nan na mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba yana murɗa handil, wato ƙarfen da ake zura wa mota a hanci a juya inji in batir ya gaji. Ɗaya yana gefe riƙe da waya. Kai ne na gaban, ko yaushe, ko a ina.

Mai riƙe waya na kirki shi ne mai baki. Ɗan kasuwa ya fi kowa, da ta taɓa shi zai daka tsalle ya kira sunan uwarsa. Malami ma ba laifi, salati za ka ji har bayan gari. Mahauci zagin ka zai yi, to zagi ma amsa ce. Na taɓa ba wani ɗan doka a Bulkachuwa, ya bi ni da kulki har gindin kuka, amma dai na san akwai wuta.

Ranar babu ko ɗaya daga cikinsu. Samari sun kora shanu fadama tun asuba neman ruwa. Daga mata sai Baffa. Ya daɗe a tsaye dafe da sandarsa, sa'an nan ya tambayi taya, "Ko akwai abin da tsoho zai iya kamawa?"

Yanzu wani zai ce me ya hana ka ba shi handil kai ka riƙe waya? Tanadi amsoshi. Handil yana harbi, yana karya hannu. Ba a sa suruki gumi a gaban mata. Riƙon waya aikin manya ne, a tsaye ake yi, riga ba ta ɓaci. Duk amsoshin nan gaskiya ne, shi ya sa suke da amfani. Ainihin dalilin kuwa tsoro nake ji. Na tuna yadda ta ratsa ni a Kano har haƙorana suka haɗu, na ji ba zan iya ba. Matata tana ciki tana fama, ni kuwa ina tsoron waya.

Abu mafi muhimmanci, kada ka gaya masa abin da zai ji. In ka faɗa, ka zama yaron da ya san abu yana cizo ya miƙa wa surukinsa. In ka yi shiru, tsautsayi ne. Miƙa da hannu biyu, ka rusuna.

Na ce, "Baffa, a riƙe nan, daidai bakin ƙarfen. Ɗaya hannun a dafa mota. Ta nan wutar take bi, sai da ita za ta tashi."

Ya jingine sandarsa ya karɓa, ya ce, "Bismillahi."

5. Murɗa handil, kanka a ƙasa

Koma gaba. Zura handil, ka tofa yawu a tafi, ka ja sama da ƙarfi. Bonet a ɗage yake tsakaninku, wannan rahama ce, ba ka ganin fuskarsa. Ko babu bonet ma ba ka kallonta. Shekara uku da aurena, da za a ce in zana fuskar Baffa, ƙafafunsa kawai zan iya.

Na murɗa sau uku, na kasa kunne. Ba ihu, ba salati, ba tsalle. Kurciya kawai ke kuka a kan aduwa.

Na ce, "Baffa, ta ja?"

Ya ce, "A'a."

"Ko ɗan zafi-zafi, ko kamar cizon tururuwa?"

"A'a. A murɗa."

To ka ji. Dattijo ya yi magana sau biyu, ba a tambayarsa ta uku. Ka samu hujja, babu wuta. Har wani daɗi na ji a raina, don maganata ta tabbata a gaban surukai.

Akwai wani abu da kowa a ƙasar Katagum ya sani, kai ma ka sani, amma a wannan matakin ka manta da shi. Mutanen nan tun suna samari suke tsayawa a fili a zabga musu sanda a ƙirji suna murmushi. Bafillatani ba ya cewa wash a gaban mutane, balle a gaban mijin 'yarsa. Ni da bakina na sha ba da labarin nan a tashar Azare ana dariya. Ranar ko kusa bai zo mini ba.

6. Kwance duk abin da ke kwantuwa

Tun da babu wuta, wani abu ne ya tare ta, sai a bi su ɗaya-ɗaya. Shimfiɗa buhu a ƙasa, ka jera sifanu daga babba zuwa ƙarami. Jerin yana kwantar wa masu kallo hankali.

Fara da kan batir. Kwance, ka kankare farin garin da ya taru, ka ɗaure. Koma handil. "Baffa, ta ja?" "A'a."

Buɗe mai rabo. A ciki akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. Goge bakinsu da gefen kwalin ashana, ka hura, ka rufe. Koma handil. "A'a."

Bi ƙananan wayoyi da yatsa tun daga makulli. Wadda ka ga ta tsufa ka yanke, ka fere, ka ƙulla. Koma handil.

Cire fulogogi duka shida, ka wanke su da fetur, ka shanya a rana, ka mai da su. Babu ruwansu da gwajin da kake yi, tun da babbar waya tana hannun Baffa, amma suna cin lokaci kuma ana ganin kana aiki. Koma handil.

Ka lura, duk gyaran da ka yi yana ƙara wa wutar kyau. Wadda ta fito bayan na goge kwantak ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Ni gwani ne, wannan ko maƙiyina ba ya musu.

Ana cikin haka aka aiko mini da fura da nono a ƙwarya. Kada ka sha, ba a ci a gidan surukai. Daga ɗakin da Fadimatu take kuwa babu abin da ke fitowa, ko nishi. Ita ma 'yar gidan ce, a gidan nan ba a ihu. Sau da yawa na tsai da handil ina sauraro, in ji shiru, in koma in murɗa da ƙarfin da ya fi na da. Inuwar mota tana ta shigewa ƙarƙashinta.

7. Alamomin da za ka kau da kai daga gare su

In kanka yana ƙasa kamar yadda na umarce ka, ta ƙarƙashin mota za ka hango ƙafafun mai riƙe waya. Za ka ga duk sanda ka murɗa, yatsunsa suna nutsewa cikin yashi. Ka ce zafin ƙasa ne.

Malfarsa za ta faɗo, ba zai ɗauka ba. Ka ce iska ce, ko da babu iska.

Zai sauya hannu, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama. Tsufa ne.

Karen gidan da ya kwanta jingine da ƙafarsa zai zabura da kuka ya ruga bayan zana, ba zai dawo ba. Kare ai ba shi da hankali.

Azahar za ta yi. Zai ajiye waya a hankali ya je alwala, buta ta suɓuce masa sau biyu. Za ku yi salla, yana gaba kana baya, ka ga hannun rigarsa yana kaɗawa. Da sallamewa, ko addu'a bai tsaya ya ja ba, zai riga ka komawa wurin mota ya ɗauki wayarsa.

Baffa ya ce, "Direba, ba a iya murɗawa da sauri fiye da haka?"

Na ce, "Ana iyawa, Baffa."

Na tuɓe riga na murɗa da sauri. Ban ƙirga ba, amma daga hantsi zuwa lokacin ya fi sau ɗari.

8. Jira wanda ba shi da kunya

Kowane gyara yana buƙatar mutum ɗaya marar kunya. Namu Ya Gana ce, ungozomar da ta aika a kira ni, wata gajeriyar Babarbariya daga cikin Disina, bakinta ja wur da goro. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, saboda haka duk rugar ita kaɗai ke iya faɗa wa Baffa abin da ta ga dama.

Ta fito daga ɗaki hannuwanta a jiƙe, tana tafe tana faɗa.

"Kai direba! Mota ka kawo mana ko gawar mota? Da hantsi ɗan nan yana harbin tafina. Yanzu sai na daɗe ina lalube kafin in ji shi. Yarinya ta daina ma damƙe mini hannu. In ba za ta tashi ba ku faɗa, a nemo jaki!"

Na ce, "Saura kaɗan, Iya." Na sunkuya na kama handil, don in ana yi maka faɗa gara a gan ka kana aiki.

Ta juya kan Baffa. "Kai kuma bawana, ka tsaya riƙe da wutsiyar ƙarfe tun safe, tatsar ta za ka yi? Sakar masa tsiyarsa ka zo ka..."

Ta dafa mota da hannu ɗaya, ta cafki wuyan hannunsa da ɗayan. Daidai nan na ja handil.

Ihun da ta yi, na tabbata an ji shi a Disina. Ta yi sama, ta dawo da zama daɓas a yashi, goro ya yi tsalle daga bakinta. "Wayyo Allah na! La'ilaha illallahu! Mene ne a jikin tsohon nan? Kunama ce? Kai, ya kashe ni!"

Ga amsarka ta fito, akwai wuta. Kamar yadda na yi maka alkawari, ka gano, kuma ba kai ta ja ba.

Na zagayo bonet. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dubi fuskarsa ba. Ya cije leɓensa na ƙasa har ya fashe, jini ya bi gemu ya bushe, sabo ya bi ta kai. Idanunsa jajir. Wayar tana hannunsa har yanzu, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ya Gana ta dube shi daga inda take zaune, wasa ya ƙare a bakinta. Ta ce, "Hammawa, tun yaushe kake shan wannan?"

Ya ce, "A ci gaba da aiki."

9. Mai da waya inda ka ciro ta

Cusa ta a kan mai rabo, ka danna. Tura cok ciki. Ja handil sau ɗaya.

Sau ɗaya na ja, ta tashi, tana kiɗa lafiyayye kamar ranar da aka sauke ta daga jirgi. Man da ya shaƙe ta ya bushe tun kafin in gama jera sifanu. Tun daga lokacin lafiyarta ƙalau, wutar da za ta tashe ta ce take ƙarewa a jikin Baffa.

Aka ɗauko Fadimatu a tabarma, mata huɗu. Na ga tafin ƙafarta kawai, ya yi fari. Uwarta da Ya Gana suka hau baya tare da ita, suka kare ta da zane. Uba ba ya bin 'yar fari asibiti, saboda haka Baffa ya ce dama yana son ya duba kanwar shanu a kasuwar Azare, ko akwai wuri a gaba. Akwai.

Awa biyu muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, suna ta rawa, ya rufe su da hannun riga. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, yashi ya yarda, ba mu kafe ko sau ɗaya ba. Muka shiga Azare da la'asar sakaliya.

Mutanen asibiti sun yi abin da za su iya, sun kuma yi shi da hanzari. Fadimatu ta rayu. Ɗan namiji ne, cikakke, da gashinsa baƙi. Bai yi kuka ba.

Malamin asibitin da ya fito ya gaya mana ya tambaye ni, "Yaushe mota ta isa wurinku?"

Na ce, "Da hantsi."

Ya dube ni, ya dubi rana, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ya koma ciki.

10. Bar wani ya ɗauka

Wannan shi ne matakin da ya fi sauƙi, don babu abin da za ka yi. Amma a nan ake gane gwani.

Kafin magariba muka kai jaririn makwancinsa. Baffa ya so ya sa hannu a haƙa, yatsunsa suka kasa riƙe ƙotar fartanya. Da mutane suka watse muka rage mu biyu a gindin wata tsamiya, yana tsaye ina tsugune.

Ya ce, "Direba."

"Na'am, Baffa."

"Babarbariyar nan ta ce wai da na yi magana tun farko, da motar ta tashi. Haka ne?"

Ga abin da ke bakina a lokacin, ka ji shi don ka san irin abin da ake haɗiyewa. Ni na shaƙe ta da mai. Ni na zare wayar da ba a zarewa. Ni na san tana ja ban faɗa ba. Da ni na riƙe, murɗawa ɗaya zan kwarma ihu, da mun isa Azare kafin azahar.

Na ce, "Allah ne ya ƙaddara, Baffa."

"Na sani. Amma haka ne?"

Na ci gaba da kallon ƙasa.

Sai ya ci gaba. Tun da na san shi ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. "Ka ce ta nan wuta take bi, sai da ita za ta tashi. Da na ji ta shige ni, na ɗauka ƙarfina take sha ta tara. Na ce to, in jikina ne zai tashe ta, ta sha, ko duka ne. Na ji tsoro in na ce da zafi za ka ji nauyina ka karɓe, yarinyar ta rasa mota." Ya numfasa. "Ashe ni na tare ta. Laifina ne."

To, a nan ka riƙe kanka da kyau. Zuciyarka za ta yi zafi, ka ji kamar ka faɗi a ƙafarsa ka faɗi gaskiya. Dubi ƙasa. Tuna cewa ba a musu da suruki. Ƙirga tururuwa har abin ya wuce, yana wucewa.

Na yi tayin mai da shi gida washegari, ya ce yana son ya miƙe ƙafa. A ƙasa ya koma Disina, bai ƙara shiga mota ba har abada. A tasha kuwa labarin ya zagaya cewa Ladan ya kwance inji ya ɗaure a tsakiyar daji ba bakanike, don ya ceci matarsa. Alhaji ya ɗinka mini riga. Har yau in mota ta ƙi tashi a Azare, ni ake aikowa a kira, kuma ban taɓa rasa mai riƙe mini waya ba.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba ruwansa. In ka bi matakan nan handil ya karya ka, ko mahauci ya mare ka, ko wata tsohuwa ta zauna a yashi ba shiri, kai ka jiyo, kai ka aikata. In ka yi asarar awa huɗu ko abin da ya fi awa huɗu, kada ka zo ƙofar gidana, ba na nan. In barci ya riƙa yi maka wuya bayan haka, ba a jerin abubuwan da na yi alkawari yake ba.

Abin da ya faru a Disina kuwa yana da mai shi. Ya amsa da bakinsa, babu wanda ya tilasta shi, ya kuma tafi da abinsa bara da kaka. Fadimatu tana wurin. Ta ce ana gobe zai rasu ya sa aka kira ta, ya fitar da kowa daga ɗakin, ya ce ta yafe masa. Ta yafe, tana kuka, ba ta san na mene ne ba.

Da ta dawo Azare ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, kai da kuke tare ranar nan, me Baffa ya yi mini?"

Na ce, "Ni ina wajen handil, kaina a ƙasa. Ban ga komai ba."